Dutsen Senacus da Sauran 'Yan'uwa a Aberdaron

A ajinmu na tarihin ikilisiya a kwalejin tauhidi, yawanci manyan birane muke zagayawa: Urushalima, Antakiya, Iskandariya, Roma. Amma akwai wani ɗan ƙauyen masunta da manoma da muka kasa wucewa ba tare da mun tsaya ba. Sunansa Aberdaron, a can ƙarshen wani tsinin ƙasa da ake kira Llŷn, a arewa maso yammacin Wales cikin Birtaniya. Ma'anar sunan a harshen mutanen wurin ita ce bakin kogin Daron, wato inda kogin ya faɗa teku. A ƙidayar 2011 mutanen ƙauyen da kewayensa 965 ne kacal, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na jin harshen kakanninsu, wanda su suke kira Cymraeg. Ba Turanci ba ne, bai ma yi kama da shi ba.

Abin da ya fara riƙe mu shi ne wasu duwatsun kabari guda biyu da ke ajiye cikin majami'ar ƙauyen, Majami'ar Hywyn. An samo su a wani wuri kusa da ake kira Anelog, kuma masana sun ce an sassaƙa su wajen shekara ta 500. Rubutun da Latinanci ne. Ɗaya na wani firist ne mai suna Veracius. Ɗayan na firist Senacus ne, kuma rubutun ya ce yana kwance a nan tare da taron 'yan'uwa masu yawa. Suna ɗaya aka rubuta, sauran kuwa ba wanda ya san su sai Ubangiji. Ku lura da shekarar. Sai a 597 Agustin ya iso Kantabari da bishara ga Turawan Ingila na lokacin, ga shi kuwa a wannan lungu an riga an binne tsarar masu bi guda.

Kilomita uku daga gaɓar akwai wani tsibiri, Ynys Enlli, wanda Turawan Ingila ke kira Bardsey. Labarin gargajiya ya ce wani bawan Allah mai suna Cadfan ya kafa gidan sufaye a can wajen 516, har ana yi wa tsibirin kirari da makwancin tsarkaka dubu ashirin. A tsakiyar zamanai ana cewa ziyara uku zuwa Enlli daidai take da ziyara ɗaya zuwa Roma. Mu dai ba mu koyar da cewa tafiyar ƙafa na sayo ceto ba, kun san wannan. Amma ba ma raina mutumin da ya yi kwanaki yana tafiya, ya iso Aberdaron, ya tarar da ruwa mai igiya mai haɗari tsakaninsa da inda ya nufa, ya zauna jiran iska ta kwanta. Wani lokaci jiran kan ɗauki kwanaki. Aikin ƙauyen ke nan a wancan zamani: ciyar da baƙi da ba su masauki. Har yau akwai gini da ake kira Y Gegin Fawr, wato babban ɗakin girki, inda aka ce nan masu ziyarar ke cin abinci kafin su shiga kwalekwale. Yanzu shayi ake sayarwa a ciki. A 1537 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan sufayen, ziyarar ta mutu, ƙauyen ya koma kamun kifi da noma.

Majami'ar Hywyn kanta a bakin rairayi take, tamkar ba su taɓa jin misalin Yesu na magina biyu a Matiyu sura 7 ba. Ƙofarta ta ƙarni na 12 ce, an faɗaɗa ginin a 1417. Da ginin ya lalace, teku kuma na ta cin gefen maƙabarta, sai aka gina sabuwar majami'a a 1841 can ciki nesa da ruwa. Dabara ce mai kyau a takarda. Jama'a dai ba su so ta ba, kuma a 1906 suka koma tsohuwar, kusa da kaburburan iyayensu. An gyara ta, an yi mata katangar kare ruwa, ana sujada a cikinta har yanzu. A ganinmu mutanen sun fi masu tsarin gaskiya, ko da yake kuɗin yaƙi da teku ba ya ƙarewa.

To yaya aka yi harshensu ya rayu, alhali Ingila na maƙwabtaka da su kuma ita ke mulki? Dokar 1536 ta mai da Turanci harshen kotu da na ofis a Wales. Amma a 1563 majalisa ta ba da umarni a fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Wales, kuma a 1588 William Morgan ya fitar da cikakkiyar fassara. Daga nan kowace Lahadi manomi na jin Maganar Allah da harshen da uwarsa ta yi masa reno. Daga shekarun 1730 wani fasto, Griffith Jones, ya shirya makarantu masu yawo ƙauye zuwa ƙauye, ana koya wa yara da manya karatu da wannan Littafin. Harshen da aka kora daga kotu sai ya sami mafaka a bagade da makarantar Lahadi.

Ƙauyen ya yi mutane biyu da aka san sunansu. Richard Robert Jones, wanda ake kira Dic Aberdaron, ɗan kafinta ne da ya koya wa kansa harsuna fiye da goma, har da Helenanci da Ibrananci. Ya yi yawo da littattafai cikin tsummokaransa, ya rasu matalauci a 1843, ƙamus ɗin da ya haɗa bai ga ɗab'i ba. Ɗalibanmu da ke kukan wahalar Ibrananci, muna yawan tuna musu da shi. Na biyu shi ne R. S. Thomas, mawaƙi, wanda ya yi limancin majami'ar daga 1967 zuwa 1978. Da Turanci ya tashi, sai da ya kai wajen shekara talatin ya koyi harshen ƙasarsa. Ya yi wa'azi da shi, amma waƙoƙinsa da Turanci ya rubuta, don yana ganin ya makara. Wannan ya dame shi har tsufansa. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da harshen Wales ya sa masa suna Neb, ma'ana ba kowa.

Barazanar yau ba daga teku kaɗai take zuwa ba. Wurin yana da kyau, don haka masu kuɗi daga birane suke sayen gidaje don hutun bazara. Farashi ya haura abin da saurayi ɗan ƙauyen zai iya biya, sai ya tafi birni neman aiki, ya yi aure can. Da hunturu gidaje da yawa a kulle suke, ba fitila. A duk faɗin Wales ɗakunan sujada na ƙauye suna ta rufewa, wasu an mai da su gidajen kwana. Ba wanda ya tsananta wa kowa, kowa ya tafi ne da dalilinsa mai kyau. Ƙaramar hukumar Gwynedd ta ɗora ƙarin kashi 150 cikin ɗari na harajin gida a kan irin waɗannan gidajen hutu daga Afrilun 2023, ana kuma ta muhawara ko hakan zai dawo da matasa. A makarantar firamaren ƙauyen kuwa har yanzu da Cymraeg ake koyar da yara, kuma idan yanayi ya yi kyau jirgin ruwa na ɗaukar baƙi zuwa Enlli daga wata 'yar mashiga da ake kira Porth Meudwy.