Lambar Da Ta Ci Shekara Biyu Da Awarwaro Huɗu

A unguwar Agege ta birnin Ikko akwai wani magidanci, ma'aikacin wani kamfanin sadarwa, wanda maƙwabtansa suka daɗe suna zaton yana fama da ciwon rashin barci. Dalili kuwa shi ne, tun daga farkon shekarar 2015 har zuwa tsakiyar 2017, da wuya dare ya raba ba a ga haske a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa ba. In an ɗauke wuta, sai a ji kukan ƙaramin janaretansa har kusan asuba. Ashe karatu yake yi, na wata jarrabawa wadda masu sana'arsa ba sa ambatonta sai sun gyara zama, watau CCIE.

Ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayani. Duk saƙon da mutum ya aika ta intanet, yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta yi ta ratsa waɗansu na'urori da ake kira rauta har ta isa inda aka nufa. Aikin rauta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ya dubi fasinja, ya ji inda za shi, ya nuna masa motar da za ta kai shi da wuri. Su kuma na'urorin suna da ƙa'idodin da suke bi wajen sanar da juna hanyoyi, irin su OSPF a cikin gida, da BGP tsakanin kamfani da kamfani, ƙasa da ƙasa. Kuskure kaɗan a nan yana iya jawo babbar ɓarna. A watan Nuwamba na 2018 wani kamfanin intanet na Ikko ya yi tuntuɓe wajen saita BGP, sai ga saƙonnin da suka nufi Google sun karkata ta ƙasar Sin da Rasha har fiye da awa guda.

Kamfanin Cisco na Amurka, wanda aka kafa a 1984, yana daga cikin manyan masu ƙera irin waɗannan na'urori. A 1993 ya fito da takardar shaidar CCIE domin tantance gwanayen gwanaye. Sai mutum ya ci jarrabawar rubutu tukuna, sa'an nan a ba shi damar shiga ta aiki da hannu. Da can kwana 2 ake yi ana wannan ta biyun, amma daga 2001 aka mayar da ita yini guda, awa 8. Wanda ya ci, akan ba shi lamba tasa ta kansa, wadda ba za a sake bai wa kowa ba. Lamba ta farko, 1024, ɗakin jarrabawar aka laƙaba wa, mutane suka fara daga 1025.

Mutuminmu ya ci ta rubutu a ƙarshen 2015 ba tare da wata wahala ba, abin da ya sa ya ɗan ɗauki kansa da girma. Ya sayi wata tsohuwar kwamfuta mai ƙarfi a kasuwar Ikeja, ya zuba mata manhajar da ke kwaikwayon rauta fiye da 20 a lokaci guda. Kullum ya taso daga aiki, ya sha cunkoson motocin Ikko, sai ya yi sallar isha'i, ya ci tuwo a tsaitsaye, ya shige ɗaki. Ran Asabar kuwa tun hantsi yake zama ya yi awa 8 cur, kamar yadda za a yi ranar. Ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zuwa suna, har 'yan majalisarsu suka sa masa suna Mai I'itikafi. 'Yarsa ƙarama ta koyi tafiya a bayan kujerarsa, bai ga takunta na farko ba, sai labari ya ji.

Sai kuma maganar kuɗi. Kuɗin zama jarrabawar dala 1,600 ne, ban da na jirgi da biza da masauki, domin sai an tafi inda kamfanin yake da ɗakin gwaji, kamar Dubai ko Burasels ko Bangalo. Ya yi lissafinsa lokacin da dala take naira 197 a farashin gwamnati. A watan Yuni na 2016 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, cikin yini guda dala ta koma wajen 280. Kuɗin da ya tara domin sayen fili a garinsu, su ya kwashe ya cika.

A watan Oktoba na 2016 ya sauka Dubai. A tsarin wancan lokaci jarrabawar kashi 3 ce: awa 2 na gyaran hanyoyin da aka lalata da gangan, rabin awa na gano musabbabin matsala daga takardun da aka ba mutum, sai awa 5 da rabi na gina sadarwar wani babban kamfani tun daga tushe. Ba a shiga da waya ko littafi, sai dai takardun bayani na kamfanin da ke cikin kwamfutar. Kuma ba a ba da rabin maki. Aiki ko dai ya yi daidai ɗungurungum ko a tashi a tutar babu.

A kashin farko ya ci karo da wata matsala da ta ƙi warwaruwa. Maimakon ya tsallake ta, sai zuciya ta ɗebe shi, ya ce shi da ita, har ta cinye masa minti 40. Ya shiga kashi na uku a gigice, yana karanta tambaya rabi yana buga amsa. Can wajen la'asar ya lura cewa wani sharaɗi da aka rubuta a ƙasa ya hana hanyar da ya bi tun da safe. Ya fara warwara, lokaci ya cika. Washegari a filin jirgin sama ya buɗe sakamako, ya ga abin da zuciyarsa ta riga ta gaya masa.

Ya dawo gida ya yi mako 3 bai kunna kwamfutar ba. A cikin kwanakin nan ne wani abokin aikinsa ya ja shi gefe, ya ce akwai masu sayar da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawar, in ya haddace su ya huta. Maganar ta kwana biyu tana yi masa yawo a ka, domin aljihu ya bushe kuma kunya ta ishe shi. Amma ya tuna cewa ya sa hannu a kan alkawarin riƙe sirrin jarrabawar kafin ya shiga, ya kuma tuna cewa ranar da sadarwar wani banki ko asibiti ta tsaya da tsakar dare, babu wanda zai sayar masa da amsa. Ya ce wa abokin ya gode.

Maiɗakinsa ce ta tashe shi. Wata rana da dare ta ajiye masa wani ƙulli a kan teburin, ya kwance ya ga awarwaronta 4 na zinariya, waɗanda mahaifiyarta ta ba ta lokacin biki. Ya ce, "Haba, wannan ai ba zai yiwu ba." Ta ce, "Maigida, shekara biyu ina kwana da kukan janareta. In ka bari yanzu, ni ka kayar. Ka sayar, in Allah ya sa ka ci ka saya mini shida." A watan Fabrairu na 2017 dala ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage, watau kuɗin zama kaɗai ya haura naira 800,000.

Wannan karon ya sake salon shiri. Ya gane cewa ilmi bai gaza masa ba a Dubai, hali ne ya kayar da shi. Saboda haka ya kafa wa kansa dokoki: kowace matsala minti 10, in ta ƙi a wuce, a dawo mata daga baya, ba za a taɓa na'ura ba sai an karanta tambayoyin duka daga farko har ƙarshe, kowane aiki aka gama sai an gwada shi kafin a matsa. Ya samu wani ɗan'uwansa mai neman lambar a ƙasar Kenya, suka riƙa lalata wa juna saiti ta intanet, kowa ya gyara na ɗan'uwansa da agogo a gabansa. Ya kuma ware yammacin Jumma'a domin iyali, ko kusa da ɗakin ba ya zuwa.

A farkon watan Mayu na 2017 ya koma. Ya sake haɗuwa da matsala mai taurin kai, ya dubi agogo, ya wuce ta, gabansa yana faɗuwa. Da ya dawo mata bayan ya gama sauran, cikin minti 3 ya ga inda aka ɓoye kuskuren, lamba ɗaya ce tak aka sauya. Ya kammala kashi na uku da saura kusan awa guda, ya bi aikin layi-layi, ya tsinci kurakurai 2 da za su iya sake mayar da shi gida hannu rabbana.

A masauki barci ya ƙaurace masa. Wajen ƙarfe 3 na dare saƙo ya shigo. Ya yi alwala tukuna, sa'an nan ya buɗe, sai ga lamba mai alƙaluma 5, ta haura 50,000, a gefen sunansa. Ya yi sujada, ya buga waya Ikko, inda a lokacin sha biyun dare ta yi. Bugu ɗaya aka ɗauka, domin ita ma ba ta runtsa ba. Bai iya cewa komai ba sai lambar, ya karanta mata ita sau biyu.

A watan Fabrairu na 2020 aka sake fasalin jarrabawar, ta koma awa 3 na tsara sadarwa da awa 5 na ginawa da gudanarwa, har sunan fannin da ya ci ma an sauya. Samarin da ke zuwa wurinsa neman shawara sukan tambaye shi littattafan da za su karanta. Yakan gaya musu, amma sai ya fara tambayarsu ko sun yi shawara da mutanen gidansu, domin su ma za su biya nasu kason. Filin da bai saya ba a 2016 ya ninka kuɗi kafin ya sake tarawa. Awarwaro kuwa an saya, guda 6, kamar yadda aka yi alkawari.