Safar Hannu Mai Zare Biyu

Duk wanda ya taɓa kwana a Kankiya cikin watan Janairu ya san abin da a ke kira ɗari. Iska ta kan taso daga hamada, ta ɗebo ƙura, ta lulluɓe gari da hazo. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya gagari taɓawa. Mu malaman makaranta mun fi kowa ganin wahalarsa, gama kafin ƙarfe 8 yara su na zaune a gabanmu.

Wata safiya cikin hunturun 2022 na ba 'yan aji uku aikin rubutu. Da na zo dubawa, sai na tarar rubutun wani yaro kamar tafiyar tsutsa. Yaro ne mai ƙoƙari, saboda haka na ɗauka wasa ya sa gaba. Na ce ya miƙo hannu, na buga masa rula sau biyu. Bai yi kuka ba. Amma da na dubi rular, sai ga jini. Na kama hannun na duba, ashe bayan yatsunsa duk sun tsattsage, sun sandare. Na ce, "Me ya sami hannunka?" Ya ce, "Malam, ni ke ɗebo ruwa da asuba. In na zo, fensir ba ya kamuwa."

'Yan'uwa, ran nan kunya ta rufe ni. Shekara 18 ina koyarwa, ga takardar difloma a bango, amma ban san a dubi hannun yaro kafin a dubi littafinsa ba.

Ran Asabar na hau babur na tafi ƙauyenmu a ƙasar Kusada, na kwashe labari na gaya wa mahaifiyata. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta tashi ta buɗe adaka, ta fito da wata tsohuwar safar hannu, ja da fari. Ita ta saƙa wa Baba a zamanin da ya ke tuƙa keke zuwa kasuwar Kankiya da sassafe. A Zumuntar Mata ta koyi saƙa tun ta na amarya. Ta ce, "Juya ta ka ga cikinta."

Na juya. Ta waje ado ne mai kyau, ɗigo-ɗigo kamar zanen ƙwarya. Ta ciki kuwa zaruruwa ne kwance a jere, babu wani kyan gani. Inna ta ce, "Sa'ad da ja ke aiki a gaba, fari ya na bin sa a baya. In fari ya fito, ja ya koma baya. Shi ya sa ta zama riɓi biyu. Mutane su na yabon ado, amma na bayan nan shi ke riƙe ɗumi."

Na ce ta saƙa wa yaron guda. Ta yi dariya ta ce idonta ya tafi, ba ta iya ƙirga ƙulli yanzu. Ta ce, "Kai da ka yi dukan, kai za ka saƙa."

To, haka na soma. Na aika aka sayo mini ulu da allurar saƙa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kowace Asabar ina gaban Inna, ta na lalube da yatsa ta na gyara mini. Abokai suka same ni da ba'a, wai Malam ya koma aikin mata. Na ce musu, masaƙan da suka yi saƙi a ƙasar Hausa ba maza ba ne? Masu ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga a bakin zaure fa? Babu wanda ya ba ni amsa.

Ta farko da na gama ta tsuke, ko hannun jariri ba ya shiga, domin na ja zaren baya da ƙarfi. Ta biyu na bar zaren baya ya yi tsawo, yatsa ya riƙa sarƙewa a ciki. Inna ta koya mini ka'ida biyu: kada zaren baya ya tsallake ƙulli fiye da 5 ba a kama shi ba, kuma a bar shi sako-sako domin safar ta iya buɗewa. Ta uku ta yi kyau, sai dai na ga ba a iya riƙe fensir da ita. Sai na warware bakinta, na bar kan yatsu a waje. Ita na kai wa yaron, tare da man kaɗanya, na kuma roƙi gafararsa a gaban mahaifinsa. Tsohon ya ce, "Haba Malam, ai ɗanka ne." Na ce, "Shi ya sa ma, Baba."

Daga baya na nemi labarin wannan sana'a a intanet, na ga ashe tsohuwa ce a ƙasashen ƙanƙara. A wani gari mai suna Selbu a ƙasar Norwe, wata budurwa makiyayiya, Marit Emstad, ta saƙa safar hannu baƙi da fari mai zanen fure, ta sa ta zuwa sujada a 1857. Mata suka gani suka kwaikwaya, har ya zama sana'ar garin duka. A ƙasar Latbiya kuwa, a dā budurwa ta kan cika akwati da safar hannu kafin aurenta, ta rarraba wa dangin miji, kamar yadda mu ke kai gara. Da aka yi taron shugabannin ƙungiyar NATO a birnin Riga a 2006, safar hannu wajen 4,500 aka saƙa domin baƙi. Ɗarinmu bai kai nasu ba, amma su da shiri su ke tarbar nasu. Mu kuwa kowace shekara sai hazo ya sauka mu ke gudu wurin 'yan gwanjo.

Da matan Zumunta suka ji, sai tsofaffi huɗu suka ce su ma sun iya, sun dai ajiye ne domin babu mai tambaya. Yanzu su na koya wa 'yan mata. A hunturun da ya wuce duk 'yan ajina sun sami safar hannu da hular sanyi, wadda ta rufe kunne.

Ga 'yar shawara ga iyaye. Ku soma saƙa tun watan Satumba, kada ku jira sai iska ta juya. A shafa wa yaro mai a hannu kafin ya sa safa, kada kuma ya ɗebi ruwa da ita, gama jiƙaƙƙiyar safa ta fi babu sanyi. Abu mafi muhimmanci, yawancin ulun kasuwa na roba ne, ya kan narke ya manne a fata. Saboda haka yaro ya cire safarsa kafin ya zauna jin ɗumi a bakin wuta.

Yaron nan yanzu ya na aji shida, rubutunsa kuwa ya fi nawa. Ni dai tun daga ran nan, in hunturu ya shigo, na kan tsaya a ƙofar aji in ce, "Kowa ya nuna mini hannunsa." Sai na gama duba hannuwa kana in karɓi littattafai.