Macijin gardi da sanyin hunturu

Mu 'yan Sakkwato mun saba ganin gardawa suna wasa da maciji a bakin kasuwa, amma kaɗan ne cikinmu suka lura da yadda yake yin laƙwas da safiyar hunturu, a Disamba da Janairu. Wasunmu kan ce asirin gardi ne, alhali sanyi ne kawai. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar mu, daga rana da ƙasa yake samu. In sanyi ya ratsa shi, ko ɓeran da ya haɗiye ba ya narkewa, sai ya ruɓe masa a ciki. Shi ya sa masu kiwon maciji a Turai da Amurka kan daina ciyar da shi mako biyu kafin su bar shi ya kwanta wata biyu ko uku a wuri mai sanyi, da ruwa kaɗai a gabansa.

Namu ba ya wannan doguwar kwanciya, don da hantsi rana ta fara gasa gari. Wanda muka tarar da asuba ƙarƙashin itacen girki, shimfiɗe kamar igiya, kafin azahar ya wartsake, kuma dafinsa na nan daram.