Taku Ɗaya Baya

Da tafireta na koyi buga rubutu, a wani ɗan shago a Zariya. A lokacin kuskure har wari gare shi. In a kan sitansil ne, sai ka ɗiga jan ruwan gyara, ka hura, ka jira ya bushe, sannan ka sake buga harafin a hankali kada wurin ya huje. Maigidana yakan leƙo ya ce, "Yaro, ka yi tunani kafin yatsa ya sauka."

Ranar da aka kawo mana kwamfuta aka nuna mini Ctrl da Z, na goge layi na maido shi ya fi a ƙirga, don daɗi kawai. Sai dai manhajar rubutun tamu taku ɗaya tak take komawa baya. In ka sake dannawa, sai ta mayar da kai inda ka fito. Da haka na rasa rabin babi na kundin wata ɗaliba: hannuna ya share shi, na gyara wata kalma a ƙasa kafin in ankara, ban kuwa adana ba. Kwana na yi ina sake bugawa daga rubutun hannunta.

Daga baya manhajoji suka iya komawa taku da yawa, amma da sauran rina a kaba. In ka koma baya ka rubuta sabon abu, duk abin da ke gaba ya tafi ke nan. A ganina, wanda ya fahimci zuciyar marubuci shi ne Bram Moolenaar, mutumin Holan da ya ƙirƙiro manhajar rubutu ta Vim. A 2006, cikin Vim 7.0, tarihin gyara ya zama bishiya mai rassa: hanyar da ka bari tana nan tana jiranka. Kana iya buga :earlier 10m, rubutu ya koma yadda yake minti goma da suka wuce. A 2010 kuma aka ba da damar ajiye tarihin a faifai, ko ka rufe fayil ka tafi gida, gobe ka tarar da shi.

Da na ji mutuwarsa a Agustan 2023, jikina ya yi sanyi, ga shi ban taɓa ganinsa ba. A daren na shiga Vim na buɗe wani tsohon labari da na watsar, na yi ta komawa baya reshe bayan reshe, har na tarar da sakin layin da na yanke shekara uku kafin nan. Na karanta shi sau biyu, na mayar da shi wurinsa.