Kukan Gidansu: Mako Biyu a Dajin Amurum

A gidanmu, in aka tambayi mahaifinmu aikin da yayana yake yi a Jos, sai ya ce karatu yake yi, ya ja bakinsa. In aka matsa masa, sai ya ce, "An ce wai tsuntsaye yake kamawa yana sakinsu." Ba da dariya yake faɗar haka ba. Mutum ne da ya yi shekara huɗu yana sayar da amfanin gona domin ɗansa ya sami digiri a kan ilimin dabbobi, yana sa ran ganin ma'aikaci a gidansa, sai ga shi ɗan ya sake komawa makaranta, makarantar ma a cikin daji. Ni kaina ban fi mahaifinmu fahimtar al'amarin ba sai a watan Disamba na 2024, sa'ad da na yi niyyar rubuta kundina a kan sunayen tsuntsaye a Hausa, na ga ba ni da inda ya fi cancanta in fara sai wurin Yaya.

Wurin shi ne Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. An kafa ta a 2001 a dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, kuma sunan nan na dangin da iyayenmu suka sani da kantin Leventis ne. Dajin ba shi da girma, hekta wajen 300 ne, amma ya haɗa duwatsu da kurmi na bakin rafi da sarari mai ƙananan itatuwa, har an ƙidaya irin tsuntsaye wajen 300 a cikinsa. Ɗalibai kan zo daga Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma su yi digiri na biyu a kan kiyaye halittu.

Aiki yana farawa tun kafin gari ya waye. Wanda bai kwana a tudun Jos da hunturu ba bai san abin da ake nufi da ɗari ba. Ni dai na sa riga uku, amma haƙorana ba su daina haɗuwa ba. Mukan fita da tocila mu buɗe ragar da aka kafa tsakanin sanduna tun jiya. Zarenta siriri ne ƙwarai, baƙi, har tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. Bayan kowane rabin sa'a ko ƙasa da haka sai a kewaya, domin in tsuntsu ya daɗe a ciki sanyi ko tururuwa ko wani maharbin tsuntsu na iya halaka shi. A warware shi a hankali, a sa shi cikin 'yar jakar yadi, a kawo teburi. A nan ne za a ɗaura masa zoben ƙarfe marar nauyi a ƙafa, mai ɗauke da lambar da babu wani tsuntsu mai irinta. A auna fiffike da rula, a ɗora shi a sikeli, a hura gashin ƙirjinsa a duba kitsen da ya tara, a rubuta kome, sa'an nan a buɗe hannu ya tashi. In rana ta ɗaga, sai a naɗe raga.

Ranar farko Yaya ya ɗora mini wani ɗan tsuntsu mai ruwan toka-toka a tafin hannu, nauyinsa giram 9. Ya ce daga Turai ya zo, ya ƙetare teku da Sahara, kuma in bazara ta kusa zai koma. Na dube shi, na dubi tsuntsun. Da wani ne ya faɗa, da na ce tatsuniya ce. Mu dai shamuwa muka sani da tafiya, ita ma zuwanta kawai muke lura da shi, tun da albishirin damina take yi.

Da na zaci wannan shi ne wahalar aikin, ashe shi ne daɗinsa. Wahalar tana zuwa bayan azahar, lokacin da za ka ga kowa ya duƙufa a kan kwamfuta yana fama da lissafi, domin tsuntsu ɗari da ka kama ba hujja ba ne sai alƙaluma sun nuna cewa abin da ka gani ba katari ba ne. Na ga Yaya ya kwana biyu yana neman kuskure ɗaya a cikin jerin lambobi. Abinci kuwa shinkafa da wake ne, ko dankalin Turawa, wanda ba ya wuya a ƙasar Filato. Hira da dare ba ta wuce tsuntsu da kuɗin makaranta da tambayar da kowa ke gudu, watau ina za a sami aiki in an gama.

Nawa aikin tun ran farko ya ci karo. Na zo da jerin sunaye da na kwafo daga ƙamus ɗin Bargery na 1934, ina taƙama. Manyan tsuntsaye ba su ba ni wuya ba: ga hankaka, ga shirwa, ga hasbiya, ga cilakowa, ga ragon maza, ga kazar dutse tana kuka a kan pa da sassafe. Amma ƙananan da ke faɗawa raga, waɗanda su ne mafi yawa, sai na rasa ta cewa. Yaya yana kiran kowanne da Turanci da Latin ba tare da ya duba littafi ba, in na ce da Hausa fa, sai ya ɗaga kafaɗa. Na juya ga wani dattijo ɗan Laminga da ke taimakawa wajen raga, shi kuwa ya san su sarai, amma da harshen Izere. Hausarsa ta kasuwa ce, a cikinta dukansu "ɗan tsuntsu" ne. A nan na gane wautata, na zo ƙasar Afizere ina neman sunan Hausa, kamar Hausa ce ta raɗa wa kome suna.

Tsuntsun da ya fi tsaya mini a rai wani ɗan baƙi ne mai sheƙi, wanda masana ke kira Vidua maryae. Ba ya yin sheƙa. Macen takan je ta saka ƙwanta a sheƙar wani ɗan jan tsuntsu da ke zaune cikin duwatsu, shi ya ƙyanƙyashe, ya ciyar. Zanen da ke cikin bakin ɗan baƙon ya yi kama da na 'ya'yan masu gida, don haka ba a ware shi, tare suke tashi. In namijin ya girma, sai ya riƙa rera kukan mariƙansa, macen kuma ba ta sauraron kowa sai mai kukan gidan da aka rene ta. Shi jan tsuntsun ma masana ba su bayyana shi a matsayin iri mai zaman kansa ba sai a 1998, ta hannun wani Ba'amurke, Robert Payne, wanda ya daɗe yana nazarin kukan waɗannan baƙi.

Da na ji haka sai na ce, "Yaya, ashe Bahaushe ya yi kuskure da ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Ya ce, "Ko kuwa ya yi daidai. Wanne ne gidansu, inda aka saka ƙwan ko inda aka ba shi abinci?" Na daɗe ina juya maganar. A ganina karin maganar bai faɗi ba, sai dai ya fi yadda muke fassara shi a aji zurfi, domin mu asali muke ɗauka yana nufi, alhali yana iya nufin reno. Ban faɗa masa ba, amma shi na tuna, mutumin da aka haifa a zauren Hausa yake kiran tsuntsayen ƙasarsa da Latin.

Kwana uku kafin in tafi na yi ɓarna. Binciken Yaya a kan baƙin tsuntsayen Turai ne, yana so ya san ko sukan komo daidai wurin da suka yi hunturun bara. Saboda haka tsuntsu mai tsohon zobe ya fi masa sababbi ashirin daraja. Da safen nan dattijon ya ciro wani, ya ce da zobe a ƙafarsa, har ya dushe. Ya miƙo mini jakar in riƙe. Ɗoki ya sa na sassauta igiyar don in leƙa. Fir! Ko launinsa ban gani ba. Ba wanda ya karanta lambar.

Yaya bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki biro ya rubuta lokaci da lambar raga, a gaba ya sa "ya kuɓuce". Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya ce, "Je ka duba raga ta huɗu." Safiya uku muna kafa raga a wurin nan, amma tsuntsun da ya taɓa faɗawa yakan gane ta. Muna iya jin motsi cikin ƙaya, ba mu sake riƙe shi ba.

Ran da zan tafi ya tura mini hotunan tsuntsaye sittin a waya, ya ce in kai wa tsofaffin maharban garinmu, duk sunan da na samu in aiko masa, zai buɗe masa gurbi a takardar bayanansa. Zuwa yanzu na cike ashirin da uku, huɗu daga ciki maharba biyu sun saɓa a kansu. Jan tsuntsun dutsen kuwa ba wanda ya san shi, don ƙasarmu ba duwatsu. Mahaifinmu ya karɓi wayar ya daɗe yana duban ɗan tsuntsun nan mai giram 9. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske daga Turai yake, sa'an nan ya ce in tambayi Yaya ko kuɗin abincinsa sun ƙare.