Ɗakin Ne Ke da Iko da Jirgin

Layin dogo bai taɓa zuwa Zuru ba. Mai son ganin jirgin ƙasa sai ya gangara Zungeru ko Minna, kan layin da ya isa Kano a 1911. Ni nawa yana bisa tebur a ɗaki, irin ƙananan nan masu amfani da lantarki da ake kira HO, waɗanda aka rage girman na gaske sau 87, faɗin dogonsu milimita 16.5 kacal. Tun da na fara ajiye shi na gane ɗakin ne ke juya shi, ba ni ba.

Wutar da ke tafiyar da shi ta cikin dogo take bi ta shiga ƙafafunsa. Da hunturu ya kama, ƙurar dare ɗaya ta isa ta raba su: ka kunna, ya yi gaba kaɗan, ya cije, fitilarsa na kyaftawa. Ka shafa yatsa a kan ƙarfen, sai ya fito da baƙin zane. Mai ba ya magani, tara ƙurar yake yi har ta zama dauɗa. Tsumma mai laushi da zanen rufa tebur su ne abin yi.

Babbar rigimar tana ga katako. Teburin da kafinta ya haɗa a watan Agusta ya sha danshin damina ya ƙoshi. Zuwa Janairu sai ya bushe ya tsuke, ƙarfen da aka kafe a kansa kuwa ba ya bin sa, sai ya gantsare kamar bakan maharbi, jirgi ya zo kwana ya kife. Akan ɗora laifin a kan zafin bazara, amma a ganina katakon ya fi laifi. Shi ya sa nake barin 'yar tazara a kowace mahaɗa, kuma ba na kafa dogo sai katako ya ga damina ya ga rani a cikin ɗakin.

Zafin rufin kwano mara silin yakan lanƙwasa robar jirgin a watan Afrilu, gara ma ɗakin ƙasa mai kaurin bango. Sai dai can gara ce ke jira, don haka ƙafafun teburina a cikin gwangwanin madara suke, da ɗan baƙin mai. Ƙananan gidajen kwali na kan teburin kuma fumfuna kan ci su da damina, sai na koma yin su da kara, yadda yaran unguwa ke ƙera motocinsu. Su ne ma ke kawo mini karan bayan girbin dawa, ladansu a bar su su riƙe makunni.