Gonar Bakin Kanal da Ranar da Babu Kai

Ƙannena da 'ya'yana magidanta, ku yi haƙuri mu yi maganar da ba a son yi. A ƙasar nan tamu, daga Dawakin Kudu har Kura da Bunkure, in ka ce wa dattijo ya zauna ya faɗi abin da ya mallaka, sai ya ce fatan mutuwa kake masa. Haka ake binne mutum da sirrin dukiyarsa, a tashi daga zaman makoki a zarce kotu.

Rabon gado ba aikinka ba ne, Allah ya riga ya yi shi a Suratun Nisa'i. Matan aure suna da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Uwa da uba sudusi-sudusi in akwai ɗa. Namiji yana da rabon 'ya'ya mata biyu. Malamin da ya san fannin ba zai wuni a kan wannan lissafi ba. Abin da ke cin shekaru a gaban alƙali shi ne tambayar farko: me mamacin ya bari? Wace gona ce tasa, wacce jingina ce, wacce aro ce, wacce kuma ta ƙannensa mata ce da yake riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu? Kai kaɗai ka san amsar, kuma ranar da za a nema ba ka nan.

Iyayenmu sun yi ta ba wa juna gona da baki domin a lokacinsu ƙasa ba ta da wannan daraja. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ya gangaro ta kanal zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sai eka ɗaya ta koma tana ciyar da gida damina da rani: shinkafa ta tashi, alkama ko tumatir ya shiga. Mu kuma ta ɓangaren Tamburawa birni ne ke matso mu, gonar dawa tana komawa fuloti. Iyakar da aka yi da tushen gamba da shaidar tsofaffi biyu ba za ta iya ɗaukar wannan kuɗi ba, balle tsofaffin sun riga mu gidan gaskiya.

Jingina ita ce ta fi cin mutane. Ka karɓi gonar maƙwabci a kan kuɗi, shekaru suka ja, 'ya'yanka suka tashi suna nomanta suna ce mata gonar Baba. Ranar da magadan mai ita suka zo fansa, wa zai yarda? Malamai ma suna da magana a kan cin amfanin gonar jingina, ka je ka tambaya. Amma ko kafin ka je, rubuta: gonar wane ce, nawa ka bayar, su wa suka shaida. Haka bashin taki, da na mai shago, da ragowar sadakin matarka in akwai. Bayan likkafani, bashi ake fara cirewa, sannan wasiyya, sannan gado.

Sai maganar "a bar ta a haɗe". Masu faɗin haka suna da hujja, ban raina ta ba. Eka biyu in aka yanka wa magada goma sha biyu, kowa zai tashi da zirin da tarakta ba za ta iya juyawa a ciki ba, ga faɗa a kan bakin ruwa. To amma na ga abin da barin ke haifarwa. Babban wa ya riƙe gona, yana aika wa ƙannensa mata buhu ɗaya a kaka kamar alheri yake musu, su kuwa kunya ta hana su magana. Shekara ashirin, wasu magadan sun rasu, 'ya'yansu sun shigo, gado ya hau kan gado, an rasa mai iya warware shi. Shawarata, a yi rabo da wuri a takarda, kowa ya san kasonsa, mace da namiji. Daga nan in sun ga dama su bar wa mutum ɗaya ya noma, ya biya sauran kuɗin haya a bayyane. Wanda ya matsu ya sayar, shari'a ta ba abokan tarayyarsa haƙƙin shufa'a, su ne kan gaba wajen saye kafin bare, matuƙar ba a yanka iyaka ba. Gona ta tsira, haƙƙi ma ya tsira.

Kyauta kuma tana da sharaɗin da mutane ke tuntuɓe a kai. A mazhabarmu ta Malikiyya, sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Na san wata baiwar Allah da mijinta ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ya ba ta wata fadama. Shi ya ci gaba da nomanta har ya kwanta ciwo. Da ya rasu, fadamar ta koma cikin gado, ta raba tumuni da kishiyoyinta. In ka bayar, ka sakar da gaske. Kuma ka ji tsoron Allah tsakanin 'ya'yanka. Fifita ɗakin amarya da sunan kyauta wuta ce ka kunna ka tafi ka bar su a ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jikoki. Ɗanka ya riga ka rasuwa ya bar yara a gidanka, kana ciyar da su, suna ce maka Baba. Ranar da ka faɗi, muddin kana da ɗa namiji a raye, waɗannan yara ba su da ko taku ɗaya a gonarka. Ƙofar da shari'a ta bar maka ita ce wasiyya: har sulusin dukiyarka, ga wanda ba magaji ba. Da yawa daga cikinmu suna mutuwa ba su taɓa wannan sulusi ba, marayun kuma su koma jiran tausayin baffanni. Daga cikin sulusin kana iya yin hubusi, ka tsayar da gona kada a sayar, kada a gada, amfaninta ya tafi ga makarantar allo ko marayun dangi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Sai dai ka zaɓi mai kula da amana, ka faɗi wanda zai gaje shi, don hubusin da ba shi da mai tsaro cikin 'yan shekaru yake komawa gonar wani.

Wasu suna ɓoye dukiya don tsoron gwamnati. Haraji da jangali Abubakar Rimi ya soke su a 1979, harajin gado na tarayya ma an soke shi a 1996. Abin da magada za su tarar shi ne kuɗin kotu, da kuɗin sauya suna a takardar fili, da bashin kuɗin ruwa in ka bari ya taru. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, saboda haka takardar shaidar mallaka ita ce bakinka a gaban hukuma. Ka duba da sunan wa gonarka take a wurin ƙungiyar masu amfani da ruwa da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wanda ka rubuta a banki a matsayin makusanci kuwa ba shi ne mai kuɗin ba. Sai an kawo takardar kotu, kuma na magada ne duka. Zakkar shinkafarka ka fitar da hannunka ranar girbi, ushiri in ruwan sama ne, rabinsa in da injin ka shayar.

Ba sai ka nemi lauya ba kafin ka fara rubuta dukiyarka, ko da yake mai filaye a birni ya kamata ya nema. Littafi ɗaya ya isa, da boko ko da ajami. Ka kira liman da mai unguwa da adilai biyu su sa hannu, ka ajiye kwafi a wurin wanda ba ya cikin magada. Ka karanta wa matanka da manyan 'ya'yanka mata, kada ka tsaya ga mazan kaɗai. Duk shekara, in an kai shinkafa gida an biya basuka, ka ɗauko shi ka soke abin da ka biya, ka ƙara abin da ka saya.